Baƙo, Harshe da Kakin Soja: Ma'aunin da Amurka Ke Auna Ɗan Gida da Shi

Tun bayan harin ranar 11 ga Satumba, 2001, wani ra'ayi ya samu gindin zama a bakin Amurkawa masu yawa, musamman mazauna ƙananan garuruwa da iyalan da suke da 'ya'ya a aikin soja. Masu wannan ra'ayi suna cewa duk wanda ya shigo ƙasar ya shigo ta ƙofa da takardunsa, ya koyi Turanci, ya riƙa gode wa sojojin da suke tsare masa 'yancin da yake cin moriyarsa, kuma idan masifa ta auku a koma ga Allah a yi addu'a tare. Idan aka ɗauki kowace magana ita kaɗai, da wuya mai hankali ya musanta ta, domin babu ƙasar da ba ta son sanin wanda ya tsallako iyakarta, kuma babu al'ummar da take yabon butulci. Abin da ya kamata a yi wa kallon tsanaki shi ne yadda ake ɗaure waɗannan maganganu wuri guda a mayar da su ma'auni, sannan a ɗora baƙo a gefe ɗaya a matsayin mai bashi a wuyansa, a ɗora soja da mai addu'a da mai jin Turanci a ɗaya gefen a matsayin masu bin bashin. Tarihin Amurka kansa bai yarda da wannan rabo ba, saboda sau da yawa sojan da ake yi wa godiyar shi ne baƙon da ake yi wa gori.

Batun harshe ne ya fi kowanne tayar da jijiyar wuya. Fiye da shekara 200 Amurka ta yi ba ta da harshen hukuma a matakin tarayya, ko da yake jihohi kusan 30 sun ayyana Turanci a dokokinsu. Sai a ranar 1 ga Maris, 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a wani umarni da ya ayyana Turanci harshen hukuma, wanda kuma ya soke umarnin da Bill Clinton ya bayar a 2000 na cewa ma'aikatun gwamnati su tanadi taimako ga waɗanda Turancinsu bai nuna ba. Ƙididdigar hukumar ƙidayar ƙasar ta nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar yana magana da wani harshe dabam a cikin gidansa, kuma fiye da miliyan 40 daga cikinsu Sifaniyanci suke yi. Wannan adadi ne yake tsorata masu ganin Turanci na cikin haɗari. Amma masu binciken zamantakewa sun daɗe da lura da wani abu da ke maimaita kansa a kusan kowace ƙabilar da ta yi hijira zuwa can: iyaye suna fama da Turanci har su tsufa, 'ya'yansu suna jin harsuna biyu, jikoki kuwa galibi Turanci kaɗai suke ji. Harshen da yake mutuwa a gidan baƙo nasa ne na gado. Duk Bahaushen da yake da ɗan'uwa a Bronx ko Houston ya san irin kukan da iyaye ke yi a waya cewa yara sun daina amsa gaisuwa da Hausa, kuma kaka ba ta iya hira da jikanta sai da tafinta.

Saboda haka shawarar a koyi Turanci shawara ce mai kyau, kuma baƙin sun fi kowa sanin haka, tunda wanda bai iya ba shi ne ake cuta a wurin aiki, shi ne yake sa hannu a takardar hayar da bai fahimta ba, shi ne yake kasa yi wa likita bayanin inda yake masa ciwo. Dokar ƙasar ma ta riga ta shar'anta hakan tun 1906 ga mai neman zama ɗan ƙasa. A yau jami'in shige da fice yakan yi hira da mai nema da Turanci, ya ba shi jimla ya karanta, ya yi masa shifta ya rubuta, sannan ya tambaye shi tarihi da tsarin mulki, sai dai ana yafe gwajin Turanci ga tsofaffin da suka daɗe da zama, kamar wanda ya kai shekara 50 kuma ya shekara 20 da takardar zama ta dindindin. To tunda sharaɗin yana nan fiye da ƙarni guda, me ake nema idan aka tsayar da mace a kanti ana yi mata tsawa don tana magana da 'yarta da harshen gida?

Amsar tana cikin abin da ya faru lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A watan Mayu na 1918 gwamnan jihar Iowa, William Harding, ya fitar da sanarwar da ta hana amfani da kowane harshe ban da Turanci a makaranta, a cikin jirgin ƙasa, a taron jama'a, a wayar tarho, har ma a cikin coci. Jamusawa aka nufa, amma dokar ta shafi 'yan asalin Norway da Denmark da Holand da sauransu. An ci tarar wasu matan manoma saboda an ji suna hira da Jamusanci a waya, kuma an ruwaito gwamnan yana cewa ɓata lokaci ne mutum ya yi addu'a da wani harshe, domin Turanci kaɗai Allah yake saurare. A maƙwabciyarta Nebraska, an gurfanar da wani malamin makarantar coci mai suna Robert Meyer a 1920 saboda ya koya wa yaro ɗan shekara 10 wani labari na Littafi Mai Tsarki da Jamusanci, sai a 1923 Kotun Ƙoli ta wanke shi ta kuma rushe dokar. A daidai lokacin da ake wannan farauta, kusan kashi 18 cikin 100 na sojojin da Amurka ta tara domin yaƙin a wata ƙasa aka haife su, wasunsu ma sai a sansanin horo suka fara koyon Turanci. A ganina wannan tarihi ya nuna cewa zafin da ake yi kan harshe yana tashi ne a lokacin tsoro, kuma abin da ake aunawa a lokacin biyayya ce, ana son mutum ya nuna a fili cewa ya yanke hulɗa da inda ya fito.

Abin mamaki shi ne rundunar sojan ƙasar ta sha komawa neman harsunan da jama'a suka wulaƙanta. 'Yan ƙabilar Navajo, waɗanda aka riƙa hukunta yaransu a makarantun kwana na gwamnati idan suka yi magana da harshensu, su ne suka riƙa isar da saƙonnin sirri da wannan harshen a fagen tekun Fasifik lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma Japanawa ba su taɓa warware shi ba. 'Ya'yan Japanawan Amurka sun yi wa rundunar aikin fassara da leƙen asiri, wasu kuma sun yi yaƙi a Italiya da Faransa cikin runduna ta 442 wadda ta yi suna wajen yawan lambobin yabo, alhali mutum kusan 120,000 daga cikin al'ummarsu suna tsare a sansanoni a cikin Amurka. Bayan an shiga Afganistan da Iraƙi, ma'aikatar tsaro ta buɗe wani shiri mai suna MAVNI a 2009 domin ɗaukar baƙin da suke da ilimin likitanci ko suke jin harsunan da ake bukata, da alƙawarin hanzarta musu zama 'yan ƙasa, kuma Hausa tana cikin jerin harsunan tare da Larabci da Fashto da Somaliyanci da Yarbanci da Ibo. Fiye da mutum 10,000 suka shiga ta wannan ƙofa kafin a daina ɗauka a 2016 bisa dalilan tsaro, aka bar wasu suna jiran bincike har takardun zamansu suka ƙare, wasu kuma aka sallame su ba tare da cikakken bayani ba.

Wannan ya kai mu ga godiyar da ake yi wa soja, wadda ta zama al'ada mai ƙarfi a Amurka. A filin jirgi akan kira masu kaki su fara shiga, a filin wasa akan miƙe a tafa musu, kuma baƙon ido zai iya tare soja a gidan abinci ya ce ya gode masa da hidimarsa, har ya biya masa kuɗin abin da ya ci. Al'adar tana da tushe biyu. Na farko nadama ce kan yadda aka yi wa waɗanda suka dawo daga Biyetnam riƙon sakainar kashi, aka ɗora musu laifin yaƙin da ba su ne suka yanke shawararsa ba. Na biyu kuma shi ne soke aikin soja na dole da aka yi a 1973, wanda ya sa nauyin yaƙi ya koma kan 'yan tsiraru, domin waɗanda suke bakin aiki a yau ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba. Wanda bai taɓa kwana a rami ba kuma ba shi da ɗa a fagen daga yana jin akwai abin da ya kamata ya faɗa, sai ya faɗi godiya. Tsofaffin sojoji da dama sun sha bayyana cewa kalmar tana sa su jin wani iri, saboda takan rufe hira maimakon ta buɗe ta, kuma mai faɗinta ba ya tsayawa ya ji abin da suka gani.

Su wane ne waɗannan sojoji? Ɗaya daga cikin Amurkawan farko da suka mutu a mamayar Iraƙi shi ne José Gutiérrez, maraya daga Guatemala wanda ya shiga Amurka ba tare da takarda ba, ya samu izinin zama daga baya, ya shiga rundunar sojan ruwa ta ƙundumbala, aka kashe shi kusa da Umm Ƙasr ranar 21 ga Maris, 2003. Bayan mutuwarsa aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Akwai kuma Emmanuel Mensah, matashi ɗan asalin Ghana da ya shiga rundunar tsaron ƙasa ta jihar New York, wanda bai jima da kammala horo ba ya zo hutu gida, gobara ta tashi a benensu da ke Bronx ranar 28 ga Disamba, 2017. Ya fito da mutane, ya koma ya sake fitowa da wasu, a komawarsa ta ƙarshe hayaƙi ya ci ƙarfinsa, ya zama ɗaya daga cikin mutum 13 da suka rasu. Fiye da mutum 700 daga cikin waɗanda suka taɓa samun lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka baƙi ne da aka haifa a waje, wato kusan ɗaya cikin biyar. Duk wanda ya ce baƙo ya gode wa soja, ya kamata ya fara duba ko ba mutum ɗaya yake yi wa magana ba.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi yana da hujja idan ya ce shi bai ga abin godiya ba a yaƙin da aka ƙulla bisa zargin makaman ƙare-dangi da ba a taɓa samu ba, wanda ya ci rayukan Iraƙawa dubu ɗaruruwa, ya kuma bar hotunan gidan yarin Abu Ghraib a zukatan mutane. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma Amurkawa da yawa, ciki har da waɗanda suka yi yaƙin, sun yarda da shi. Illar mayar da godiya ma'aunin kishin ƙasa ita ce tana toshe bakin mai tambaya, domin da zarar mutum ya ce me ya kai mu can, sai a ce ya ci mutuncin yaran da suka mutu, alhali tambayar tana kan waɗanda suka tura su ne. Godiyar kuma tana da iyakar da take tsayawa. A kwanton ɓaunar Tongo Tongo da ke yammacin Nijar, ranar 4 ga Oktoba, 2017, sojojin Amurka huɗu suka mutu, aka yi makonni ana ambaton sunayensu ana muhawara a Washington, amma sojojin Nijar da suka faɗi tare da su a wuri ɗaya da wuya a ji an ambace su in ban da a matsayin adadi a ƙarshen labari.

Batun imani ya fi sauran taushi, domin a nan ne mutum yake fi zama da gaskiyarsa. A yammacin ranar harin 11 ga Satumba, 'yan majalisar dokoki na jam'iyyun biyu sun tsaya a matakalar majalisa suka rera waƙar roƙon Allah ya albarkaci Amurka, waƙar da Irving Berlin ya rubuta, Bayahuden da iyayensa suka shigo da shi daga daular Rasha yana ɗan shekara biyar. Ranar 14 ga wata aka yi taron addu'a a babban cocin Washington, inda Imam Muzammil Siddiqi ya yi addu'a a gaban shugaban ƙasa, kuma ranar 17 George W. Bush ya je Cibiyar Musulunci ta Washington ya ce Musulunci zaman lafiya ne. Coci-coci sun cika maƙil na 'yan makonni kafin adadin masu zuwa ya koma yadda yake. Wannan shi ne imanin da muka sani a zaman makoki, inda ake zama a yi shiru, a yi wa mamaci addu'a, a ba masu rashi haƙuri, ba tare da kowa ya yi da'awar sanin hikimar Ubangiji ba.

Amma akwai wani nau'in da ya fito a makon nan ɗin. Kwana biyu da harin, fitaccen mai wa'azi Jerry Falwell ya fito a talabijin ya ɗora wani ɓangare na laifin kan Amurkawan da yake ganin sun kauce wa addini, maganar da ya nemi afuwa a kanta daga baya. Ranar 15 ga wata wani mutum ya harbe Balbir Singh Sodhi a gidan mansa da ke Mesa a jihar Arizona saboda rawaninsa da gemunsa, alhali shi mabiyin addinin Sikh ne daga Indiya. Alƙaluman hukumar FBI sun nuna cewa laifukan ƙiyayya ga Musulmi sun tashi daga 28 a 2000 zuwa 481 a 2001. Mutum 2,977 da aka kashe a harin sun fito ne daga ƙasashe fiye da 90, a cikinsu akwai Musulmi, akwai masu wanke kwanuka da masu share ofis waɗanda wasunsu ba su da takardar zama.

Labarin Mohammad Salman Hamdani ya tattara duk wannan wuri guda. An haife shi a Karachi, aka kawo shi New York yana jariri, ya tashi ya zama ma'aikacin agajin gaggawa kuma ɗalibin aikin ɗan sanda. Da safiyar harin yana kan hanyarsa ta zuwa aiki, ya hango hayaƙi, ya nufi wurin, bai dawo ba. Da iyayensa suka shiga nemansa, sai aka fara raɗe-raɗin cewa ɓuya ya yi, wata jaridar birnin ma ta buga labari tana tambayar ko ya ɓace ne ko yana ɓoye. Iyalin sun yi watanni suna ɗauke da rashi da zargi a lokaci guda, har sai a watan Maris na 2002 aka tabbatar musu da cewa an gano gawarsa a cikin ɓaraguzan ginin Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da aka kai wa harin. Magajin gari da shugaban 'yan sandan birnin sun halarci jana'izarsa. Matashin nan ya cika kowane sharaɗi da ke cikin ma'aunin: da Turanci ya tashi, ƙasar yake yi wa hidima, yana da addininsa, ya kuma ba da ransa. Duk da haka sunansa ya isa a tuhume shi kafin a yabe shi.

Irin haka ta faru da iyayen Kyaftin Humayun Khan, sojan Amurka wanda ya mutu kusa da Baƙuba a Iraƙi ranar 8 ga Yuni, 2004, bayan ya umarci sojojinsa su ja da baya ya tunkari wata mota da kansa, ta fashe. Lokacin da mahaifinsa Khizr Khan ya yi jawabi a taron jam'iyyar Democrat a Philadelphia a watan Yuli na 2016, ya zaro kundin tsarin mulki daga aljihunsa, mahaifiyar, Ghazala, tana tsaye a gefensa ba ta ce uffan ba. Trump, wanda yake takara a lokacin, ya yi shaguɓen cewa wataƙila ba a ba ta izinin magana ba ne. Ita kuwa ta bayyana daga baya cewa har yanzu ba ta iya shiga ɗakin da hoton ɗanta yake ba tare da ta karaya ba, balle ta yi magana a ƙarƙashin ƙaton hotonsa. Duk wanda ya taɓa zuwa gaisuwar uwar da ta rasa ɗa ya san wannan shirun, amma da yake matar tana sanye da mayafi, sai aka fassara shi da danniya.

Idan ana son a san nauyin godiyar da wata ƙasa take yi wa sojojinta, wurin dubawa shi ne alƙawuran da ta ɗauka. A watan Yuli na 2002 Bush ya ba da umarnin hanzarta ba sojoji baƙi takardar zama 'yan ƙasa, kuma dubbai sun amfana. Sai dai takardar ba ta zuwa da kanta, sai an cike fom an bi sawu, kuma matasa da yawa sun ɗauka cewa rantsuwar shiga soja ta wadatar. Wanda ya dawo daga fagen daga da ciwon ƙwaƙwalwa, ya faɗa shaye-shaye, ya aikata laifi, idan ɗan ƙasa ne zai yi zaman gidan yarinsa ya koma gida, idan kuwa takardar zama kawai yake da ita, dokar 1996 da ta faɗaɗa jerin laifukan kora tana iya sa a tasa ƙeyarsa zuwa ƙasar da ya bari tun yana yaro. Hector Barajas, wanda ya yi aiki a runduna ta 82 ta masu saukar lema, an kore shi zuwa Meziko a 2004 bayan ya gama zaman hukuncin wani laifin harbi, ya buɗe gidan tallafa wa ire-irensa a Tijuana, sai da gwamnan California ya yi masa afuwa a 2017 sannan ya zama ɗan ƙasa a 2018. Ba a cewa bai yi laifi ba, abin tambaya shi ne dalilin da ya sa hukuncinsa ya ninka na abokin da suka sa kaki ɗaya. Wani rahoton ofishin binciken gwamnati na 2019 ya gano cewa hukumar shige da fice ba ta ma riƙe cikakken lissafin tsofaffin sojojin da ta kora ba, kuma wanda aka sallama da mutunci daga cikinsu yana da haƙƙin a dawo da gawarsa a binne ta a maƙabartar sojoji, ko da an hana shi shigowa da ransa.

Tafintocin Afganistan su ne misali mafi kusa. Sun yi shekaru suna tafiya gaba da sojojin Amurka cikin ƙauyuka, suna fassara Fashto da Dari, fuskokinsu sanannu ne ga 'yan Taliban, bisa alƙawarin biza ta musamman da majalisa ta kafa a 2009. Tsarin ya kasance mai jan ƙafa har ya zama mutum yana shekaru yana jira, kuma lokacin da Kabul ta faɗi a watan Agusta na 2021 dubbai suna cikin layi. Waɗanda suka fi kowa tayar da hankali a kan lamarin tsofaffin sojojin Amurka ne, waɗanda suka kwana suna aika saƙonni ta waya suna nuna wa tafintocinsu ƙofar filin jirgin da za su nufa. A ɗaya daga cikin ƙofofin ne bam ya tashi ranar 26 ga wata, ya kashe sojojin Amurka 13 da 'yan Afganistan kimanin 170. Fiye da mutum 70,000 da aka kwaso an shigar da su ne da izinin wucin gadi, ƙudurin dokar da zai ba su zama na dindindin an gabatar da shi a majalisa fiye da sau ɗaya bai wuce ba, sannan a watan Janairu na 2025 aka dakatar da shirin karɓar 'yan gudun hijira, lamarin da ya bar wasu da aka riga aka tantance a maƙale a Pakistan da Ƙatar.